Kyautar da Baba Manzo Ya Daina

Mahaifina Manzo bai iya cewa a'a ba. Ba yabonsa nake yi ba, don ni abin nan ya sha ƙona mini rai. In ka ce rigarsa ta yi kyau sai ya kama ƙoƙarin tuɓewa. Jakinmu ya fi kwana a gidajen mutane bisa ga gidanmu, rumbunmu kuwa kullum shi ke riga na kowa ƙarewa. A ƙauyenmu, can arewa da Affala, in anka ce wa mutum ya je wurin Manzo, to an gama magana. Ni kuma Fiddausi, ɗiyarsa, Allah Ya yi ni da baki. Tun da maigidana ya tafi biɗa Abijan na dawo gida ina riƙon tsohon, ba a yin kwana biyu ba mu yi ta a kan wani abu da ya bayar ba.

Shekarar da anka karya darajar kuɗin sefa ciwo ya kama shi. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari ba ƙaƙƙautawa, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Munka kai shi Tawa, lokotoro ya ce ciwon sukari ne, ya rubuta masa waɗansu ƴan ƙwayoyi farare da ba su kai ƙwayar wake ba, ɗaya kowace safiya. A lokacin nan magani ya yi wuya ƙwarai, ma'aikata yau suna aiki gobe suna yaji, ɗan ɗakin likitan da ke kusa da mu kuwa ba abin da ya rage cikinsa sai majo, wato ma'aikacin jinya, da tebur. Amma Allah Ya taimaka munka samu. Ba a daɗe ba Baba ya miƙe, ya koma gona, har yana tsokanar samari wai sun bar tsoho ya wuce su.

To nan fa abin ya soma. Mutane sunka ga tsohon da har an fara yi masa addu'ar cikawa da imani ya ɗauki hauya, sai sunka ce Manzo ya samo maganin ƙarfi a Tawa. A wurinmu kuwa abin da ya fito birni tsaraba ne, goro ne ko sabulu ko magani, ba ka ci kai kaɗai maƙwabci na kallo. Mai ciwon baya ya zo, mai jiri ya zo, mai son ya gama noma da wuri shi ma ya zo. Baba ya juye ƙwayoyin cikin wata tsohuwar batta, yana ciro ta daga aljihu yadda ake ciro goro. In sun kusa ƙarewa sai ya riƙa tsallake kwana, yau ya sha, gobe da jibi ya bar wa baƙi. Na yi faɗa har na gaji, amma faɗan rowa nake yi, ina ganin ana shanye mana abin da munka sha wuya kafin mu samu. Ba wanda ya san akwai wani abu bayan wannan, daga ni har shi har masu karɓa.

Cikin masu karɓar akwai Ciɗo, amininsa tun suna yara. Ciɗo lafiyarsa lau, tsufa ne kawai. Wata safiya tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya ƙare a gidaje mutane na fita gona ciki wayam, ya biyo ya ce a ba shi biyu, haki ya cinye masa gona. Baba ya ba shi, ya koma da su gida. Da rana ta take anka tsince shi a gindin aduwa, jiki sharkaf da zufa, yana makyarkyata, yana surutai, bai gane ko ƴaƴansa ba. Wasu sunka ce rana ce ta buge shi, wasu sunka ce ya taka wurin iska. Anka yi hayaƙi, anka yi tofi, bai farfaɗo ba. Washegari anka kai shi makwancinsa, Baba na gaba-gaba cikin masu ɗauka, yana hawaye ba ya ko sharewa.

Bayan kaka ƙishirwar Baba ta dawo, ramar ma ta dawo. Da ɗari ya shigo munka sake hawa motar kasuwa zuwa Tawa. Lokotoron mutumin kirki ne, sai dai layin da ke ƙofarsa ya kai bakin titi. Ya sa anka auna jini, ya ga sukari ya hau, ya tambayi Baba ko yana shan maganinsa. Baba ya ce yana sha, kuma ba ƙarya ya yi ba, yana sha in ya rage. Sai lokotoro ya ɗauka ƙwaya ɗaya ta yi masa kaɗan, ya ninka ta safe, ya ƙara da ta yamma, ya miƙo mana takarda ya kira na gaba.

Munka nufi wata farmasi kusa da babbar kasuwa, ta wata Madam Kadidiya, ƴar Tawa da ta yi karatun magani a waje ta dawo gida. Ba ita kaɗai ke aikin ba. Akwai Habi, wadda ke tsaye a teburin sayarwa tana miƙa magani, akwai kuma Attaher, wani tsohon majo mai rawani, mutumin arewa da ke jin Hausa da Tamashek, shi ke auna mutane yana yi musu bayani. Ashe suna da wata ƙa'ida a gidan: duk takardar da anka ƙara wa mutum magani mai ƙarfi, ba a miƙa masa sai Madam ta zauna da shi tukuna. Habi ta duba takardarmu, ta dubi Baba, ta ce mu zauna a benci Madam na zuwa, tana ciki da wata mai jego.

Kai, ranar na zuba rashin mutunci, ba na ɓoyewa. Na ce mata lokotoro da kansa ya rubuta, ita wace ce da za ta riƙe? Na ce motar Affala bayan azahar take tashi, in ta tafi a tasha za mu kwana da tsoho marar lafiya, ko ita za ta goya shi ta kai shi gida? Na ce mutanen birni kun raina ƴan ƙauye, da wani mai kwat ne da tuni kin miƙa masa har da murmushi. Habi kuwa sai ta ɗebo wa Baba ruwa a moɗa ta koma kan aikinta. Wannan ya ƙara tunzura ni, don ba abin da na ƙi jini kamar in yi faɗa a bar ni ni kaɗai.

A bencin akwai wani dattijo daga Takanamat, ya zo karɓar wa jikarsa maganin tari. Kafin ka ce me sun saba da Baba, suna ta labarin damina. Dattijon ya ce shi kam bana ƙarfinsa ya tafi, ko rijiya ya je sai ya huta a hanya. Ina kallo Baba ya sa hannu aljihu, ya ciro batta, ya buɗe. Ƴan ƙwayoyin da sunka rage ba su ko rufe gindinta ba, amma ya ɗauki ɗaya ya ɗora wa mutumin a tafin hannu. Ni ban ga wani abu ba sai halin Baba na kullum, har na buɗe baki zan yi mita. Sai na ga Attaher ya bar wanda yake aunawa, ya taho da sauri, ya durƙusa ya rufe hannun dattijon da nasa.

"Baba, mi ne ne wannan ka ba shi?"

"Maganin ƙarfi ne, ɗana. Bawan Allah ya gaji."

Attaher ya karɓi ƙwayar cikin ladabi, ya ba dattijon haƙuri, ya leƙa ciki ya yi magana ƙasa-ƙasa. Madam Kadidiya ta fito, ƴar siririya, farar riga bisa atamfa, ba ta ko kai ni shekaru ba. Na zaci za ta hau Baba da faɗa, har na gyara tsayuwa in tare masa. Sai ta jawo kujera ƴar tsugunno ta zauna ƙasa da shi, ta shiga gaisuwa, ina gida, ina bisashe, ƙaƙa anka ga kaka, ni kuwa ina duban rana ina cika ina batsewa. Da ta gama ba ta tambaye shi ko yana shan magani ba. Cewa ta yi, ta ji an ce shi mutum ne mai hannu a buɗe, su wa da wa sunka samu albarkar battar nan? Baba ya ji daɗi, ya shiga jero mata sunaye, kusan rabin ƙauye.

Ta saurara har ya kai ƙarshe, sa'an nan ta yi masa bayani a hankali. Ta ce maganin nan ba ya ba kowa ƙarfi, aikinsa shi ne ya janye zaƙi daga cikin jini. Wanda zaƙin ya yi wa yawa, kamar shi, sai ya ji sauƙi har ya ga kamar an ƙara masa ƙarfi. Wanda kuwa nasa daidai yake, balle yana jin yunwa, sai ya janye ɗan wanda ke riƙe da shi. Ta ce lokotoro ya ninka ne don ya zaci Baba na sha kullum bai ishe shi ba. Da ya koma gida ya sha ninkin nan yadda anka rubuta, ga azumi na ƙaratowa, shi ma ana iya tsintarsa a yashe, yana zufa, jiki na rawa, bai gane kowa ba.

Na tsorata, don ni na san da na tsare shi sai ya sha duk abin da takarda ta ce. Na dubi Baba, sai na ga ba tasa yake yi ba. Ya ƙura wa battar ido, bakinsa na motsi.

"Zufa kika ce? Da rawar jiki?"

Ta ce i. Sai ya ba ta labarin Ciɗo tun daga safiyar har gindin aduwa.

"Ɗiyata, gaya mini gaskiya. Ni na kashe shi?"

"Baba, ban gan shi ba, ba ni iya rantsuwa," in ji ta. "Amma ba ni yi maka ƙarya, maganin nan yana iya yin haka. Kai alheri ka yi nufi. Mu masu miƙa magani, mu ya kamata mu zauna da kai tun ranar farko."

Wallahi a ranar na ji haushinta, na ce a raina me zai ragu da ita in ta ce a'a ta sanyaya wa tsoho zuciya? Sai daga baya na gane da ta ce a'a, da kafin mu kai gida battar ta sake buɗewa.

Daga nan kowa ya kama nasa. Madam ta tafi da takardar wurin lokotoro da ƙafarta, ta dawo da ita ya mayar da magani yadda yake da, har ya aiko da godiya. Attaher ya zaunar da mu ya koya mana alamun faɗuwar zaƙi, ya ce Baba kada ya sha ƙwaya ya fita gona bai karya ba, ya riƙa yawo da dabino a aljihu, batun azumi kuma mu dawo a yi shawara kafin wata ya kama. Habi, wadda na wanke tas, ita ta kai mu gidansu munka kwana, don mota ta daɗe da tafiya ban ko tuna da ita ba.

Da safe na ce a ba ni maganin in kulle a akwatina, in ba haka ba wallahi sai ya bayar. Madam ta ƙi. Ta ce dattijo kamar wannan ba a kulle masa abu kamar yaro. Ta ɗora ƙullin a hannunsa da hannu biyu.

"Baba, wannan ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi. Amana ce na ba ka, ta mutum ɗaya, Manzo. Duk mai so ka turo mini shi."

Ta kuma yi alkawari za su zo Affala ranar kasuwa su yi wa mutane magana da bakinsu.

Ta san inda ta kama shi, don Baba bai taɓa cin amana ba. Amma ita ba ta ga abin da na gani a gida ba. Mutane sunka ci gaba da zuwa, shi kuma ya riƙa sunkuyar da kai yana cewa amana ce. Wa zai yarda? Magana ta bazu wai Manzo ya koyo rowar birni, wai ni na kama shi na juya. Majalisar ƙofar gidanmu ta fara raguwa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ana sallama a ƙofarsa tun asuba, ya koma yana gudu gona lokacin da ba abin yi a gona.

Sai Inna Mariama, matar marigayi Ciɗo, ta zo bayan ta fita takaba. Ta zauna bakin tabarma, ta ce jiri ke damunta, ko za a taimaka mata da ɗaya daga cikin ƙwayoyin da maigidanta yake yabawa. Na ga hannun Baba ya shiga aljihu da kansa, ya tsaya a can, ya fito ba komai.

"Ba ni ba ki, Mariama."

 Ta gyara lulluɓi, ta ce ba komai, Allah Ya ba da lafiya, ta fita. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ranar bai ci tuwo ba, washegari kuma ya ƙi shan ƙwayar. Ya ce mini gara ya daina sha gaba ɗaya, a ce Manzo ba shi da shi, da a ce yana da shi ya hana matar Ciɗo. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi lallashi. Wata rana ya sha, wata rana ya ce in ƙyale shi. Ina ji yana tashi shan ruwa, ina kallon ramar na dawowa, tsoro ya cika ni don na san abin da ke bin bayanta. Na shiga zagin Madam a zuciyata, na ce mutanen birni da alkawari, ta ɗaure tsoho ta koma cikin inuwarta.

Ashe na zalunce ta. Sun zo, su ukun, a bayan wata tsohuwar mota ta aro, a lokacin da masu albashi ma ke tsoron hanyar arewa saboda ƴan tawaye. Tun kafin ranar sun aiko a gaya wa mutane kowa ya zo da duk maganin da ke ɗakinsa. Sunka shimfiɗa tabarmi a gindin wata bishiya gefen kasuwa, nan ga masu tallar magani a faranti suna harararsu, can ga motar wata jam'iyya tana ta kiɗa da lasifika. Mutane sunka riƙa kwance haɓar zane da bakin rawani, suna juye gwangwanaye. Abin da na gani ranar ya ba ni tsoro, fari da ja da rawaya duk a haɗe, wani ya narke, wani ba wanda ya tuna ko na mene ne. Habi na tsincewa tana ware na zubarwa, Attaher na auna mutane yana juya magana cikin Tamashek saboda makiyaya, Madam na ɗaga ƙwaya ɗaya-ɗaya tana faɗin abin da take yi wa mai ciwon da abin da take yi wa wanda ba shi da shi. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya ba su lambar yabo. Ni dai da bakin nan nawa da ba ya yabon mutum da arha, ina faɗa ko'ina: Kadidiya da Habi da Attaher sun yi wa ƙasarmu aiki, Allah Ya saka musu.

Da ta zo kan maganin sukari ta yi bayaninsa tsaf, zufa da rawar jiki da ruɗewa, ta ce in an ga haka a ba mutum abu mai zaƙi maza a nemi likita. Ba ta ambaci Baba ba, ko inda yake ba ta duba ba. Na ji daɗi, na ce shi ke nan asiri ya rufu, mai hankali ya gane. Sai na ji tsohon na dafa kafaɗata yana miƙewa. Na ja rigarsa, ya fizge.

Ya tsaya gaban mutanen ƙauyenmu da na kasuwa. Ya ce maganin da ɗiyar nan ke faɗi shi ne wanda ya riƙa raba musu. Ya ce duk wanda ya sha ya kwana lafiya ya gode wa Allah, ya kuma yafe masa. Sa'an nan ya juya wajen mata, inda Inna Mariama ke zaune.

"Mariama, ba rana ba ce, ba kuma iska ba. Biyu na ba Ciɗo, bai karya ba. Abin da ya sa na hana ki ke nan, na kasa gaya miki."

 Madam ta yunƙura za ta yi magana, Attaher ya ɗaga mata hannu ta koma ta zauna. Inna Mariama ta sunkuyar da kai. Ni kam hankalina ya tashi, in ta tsine masa ban san abin da zan yi ba, don tana da gaskiya. Ta ɗago, idonta jawur.

"Shi ya roƙe ka, Manzo. Ni kuma ni na miƙa masa ruwan da ya haɗiye su, ina ce masa ya yi sauri rana na yi. In kai ka kashe shi, to tare munka kashe shi." Ta share fuska da gefen lulluɓi. "Zauna. Ka sha naka na yau?"

Baba ya girgiza kai.

"To ka sha. Na binne ɗaya, ya isa."

Habi ta miƙo ruwa, wata mai tallar ƙosai ta tura masa farantinta. Ya zauna ya ci, ya buɗe batta a gaban kowa, ya ɗauki ɗaya ya haɗiye, ya rufe ta ya mayar aljihu.